Babi na Biyar: Duwatsun Adar da Fuskokin Sauran Duniyoyi

Ranar 21 ga Agusta 1991 wani dutse ya faɗo daga sama kusa da tsaunin Tazerzait, can arewacin jihar Tawa, inda duwatsun Adar suka ƙare filin Azawak ya shimfiɗu. Nauyinsa kilo 110. Wani yaro ɗan Abzinawa mai shekara bakwai ne ya ga saukarsa. Daga baya aka farfasa shi, gutsattsarinsa suka watsu a ɗakunan bincike da hannun masu tara irin waɗannan duwatsu a ƙasashen waje. Ba shi ne na farko a jihar ba, don a 1923 wani ƙarami, ɗan rabin kilo da ɗoriya, ya faɗo a Birnin Ƙonni.

In aka miƙa maka gutsurensa ba abin da zai burge ka. Toka-toka ne, da ɗigo-ɗigon ƙarfe da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu zagaye a cikinsa. Amma ƙwayoyin nan sun daskare ne shekara miliyan 4,560 da suka wuce, tun duniyarmu ba ta gama haɗuwa ba. Dutsen ɓallewa ya yi daga jikin wani ƙaramin curi cikin masu yawo tsakanin Mars da Mushtari, curin da ya ɗan ɗau zafi a farkon zamaninsa, bai kai ga narkewa ba, ya huce, kuma daga nan ba abin da ya sake samunsa sai karo da 'yan'uwansa. Duwatsun Liptako na yammacin Nijar, inda ake haƙar zinariya, tsofaffi ne ƙwarai a wurinmu, amma da ƙyar suka kai rabin shekarunsa. Na Adar kuwa 'yan bana bakwai ne. Abin da ido ke gani a gefen tsaunukan Keita da Buza da Kawo bai kai shekara miliyan 100 ba.

Ga dutse biyu ke nan a fili ɗaya, asalin kayan da aka yi su ɗaya ne, ɗayan yana nan yadda aka bar shi tun farko, ɗayan kuwa an niƙa shi, an wanke, an shimfiɗa, an binne, an tono, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ilimin kwatanta duwatsun duniyoyi duk a kan wannan tambayar yake: me ya sa wasu jikkunan sama suka tsaya cak da fuskarsu ta farko, wasu kuma ba su daina sauya tasu ba?

Wata shi ne ya fi sauƙin dubawa. Ko da ƙaramin madubin hangen nesa za ka ga fuskarsa cike da ramuka, babba a kan ƙarami, sabo a kan tsoho. Duk sawun duwatsun da suka faɗa masa ne. Babu iska a can, babu ruwan sama, don haka rami in ya samu ya zauna. Daga nan masana suka samo wata dabara mai sauƙi wadda har yau da ita ake aiki: wurin da ramuka suka yi yawa ya daɗe a fili, wurin da suka yi ƙaranci sabo ne. Tsakanin 1969 da 1972 'yan sama jannatin Apollo sun kwaso kilo 382 na duwatsun wata, aka auna shekarunsu, aka daidaita da yawan ramukan wuraren da aka ɗebo su, ƙidayar rami ta zama ma'aunin shekaru. Baƙaƙen tabon da muke gani a fuskar wata dutse ne da ya taɓa malala a narke, mafi yawansa ya daskare fiye da shekara miliyan 3,000 baya. Kumbon Chang'e 5 na ƙasar Sin ya dawo a Disambar 2020 da wani mai shekara miliyan 2,000, aka yi ta mamakin ƙuruciyarsa.

Duniyarmu ta fi wata girma da ƙarfin jawowa, saboda haka ta fi shi shan jifa. Amma ramukan da aka tabbatar a bayanta wajen 200 ne kacal. Akwai Aorounga a arewacin Cadi, akwai tabkin Bosumtwi kusa da Kumasi, mai faɗin kilomita 10 da 'yan kai, wanda ya samu shekara miliyan 1 da ɗoriya. Sauran an shafe su. Mai son ganin yadda ake shafewar ya tsaya a bakin wata ƙorama a kwarin Keita bayan ruwan Agusta. Ruwan shekara a nan bai cika wuce milimita 400 ba, amma yakan zo ne a fusace, ya yage gaɓa, ya kwashe gona, ya kai ta gaba. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, wanda matan Adar suka yi ta dakon duwatsu a ka suna jera shinge, yaƙi ne da wannan shafewar. Abin da damina ɗaya ke yi wa Keita, wata bai ga kwatankwacinsa ba a shekara miliyan.

Ruwa da iska daga waje suke aiki. Daga ciki kuma akwai zafi. Kowace duniya ta tashi da zafin haɗuwarta da na wasu sinadarai irin su yuraniyom da ke ruɓewa a hankali cikin dutse, kuma tun daga ranar take hucewa. Kunu a ƙoƙo yakan riga na tukunya sanyi. Wata, mai faɗin kilomita 3,474, ya daɗe da yin ɓawo mai kauri. Uɗaridu, mafi kusa da rana, ta huce har ta tsuke, bayanta ya yamutse ya yi gaɓoɓi masu tsawon ɗaruruwan kilomita. Duniyarmu mai kilomita 12,742 har yanzu cikinta na motsi, ɓawonta ya rarrabu falle-falle, suna gogayya, wani na nutsewa ƙarƙashin wani. Ko a nan Afirka ta Yamma, inda ƙasa ba ta cika girgiza ba, motsin ya bar alama. Adar tana zaune ne a kan wani makeken kwarmi da masana ke kira Iullemmeden, da sunan Abzinawan yankin, wanda ya yi ta lotsawa sannu a hankali yana karɓar yashi da laka da ruwan teku.

Tekun da ya bar farar ƙasa

Tsakanin shekara miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, teku ya shigo wannan kwarmi ya janye, ya sake shigowa ya sake janyewa. Ba teku mai zurfi ba ne, siririn hannu ne mai ɗumi da ya ratsa inda Sahara take yau. Mai hawa gefen tsauni a Adar daga gindi zuwa bisa yana bin tarihinsa ne daki-daki. A tsaunin Igdaman kusa da Kawo, cikin shimfiɗun ƙasa-ƙasa, ana samun haƙoran kifaye, da ƙasusuwan kunkuru da kada, da na wasu manyan ƙadangarun teku. Ɗaya daga cikinsu, mai dakusassun haƙora na fasa ƙumba, an raɗa masa suna Igdamanosaurus a 1991. Ɗan'uwansa Goronyosaurus daga Goronyo ta ƙasar Sakkwato aka tono shi, don tekun bai san da iyaka ba. In ka ƙara hawa, ƙadangarun sai su ɓace ɗungum. Shekara miliyan 66 baya wani dutse mai faɗin kilomita 10 ya faɗa a inda Yukatan ta ƙasar Meziko take, ya bar rami mai kilomita 180, ya tafi da su tare da manyan dabbobin tudu na zamanin. Tekun dai ya dawo bayan su, ya shimfiɗa farin dutsen nan mai cike da ɓawon ƙumba da katantanwa da masana suka sa wa sunan Garadawa. Takwaransa ne ake haƙa a Kalambaina ta ƙasar Sakkwato, shi ne kuma abincin kamfanin siminti na Malbaza tun shekarun 1960.

A ganina wannan farin dutse shi ne mafi muhimmanci a duk Adar, ko da yake ba shi da ƙawa. A Malbaza ana gasa shi a tanderu mai zafin wajen digiri 1,450, kuma daga kowane kilo 100 na tsantsarsa kilo 44 hayaƙi ne ke tashi, iskar kabon. Wannan iska ba daga ko'ina ta zo ba, can da ma a sararin sama take. Ruwan sama ya narkar da ita, ya zubo da ita kan duwatsu, ya ci su, ƙoramu suka kai narkakken sinadarin teku, halittun ruwa suka gina ɓawonsu da shi, suka mutu suka kwanta. Haka duniyarmu ta yi ta kwashe iskar kabon daga sama tana ɗaure ta a cikin dutse. Duwatsu masu aman wuta suna mayar da wani kaso, ruwa yana sake kamowa. Da za a gasa dukan farar ƙasar duniya a rana ɗaya, iskar da za ta fito za ta ninka wadda muke shaƙa sau gommai.

Akwai inda lamarin yake haka, kuma kowane ɗan Adar ya san wurin da ido. Zara ce, matar wata, mai haske da magariba ko da asuba. Girmanta kusan ɗaya da na duniyarmu, kilomita 12,104, kayan jikinta ma haka. Sai dai ta fi mu kusa da rana, ruwanta ya ƙafe ya tsere tun da daɗewa, kuma inda babu ruwa babu mai ɗaure kabon. Kashi 96 cikin 100 na iskarta kabon ne, nauyinta ya ninka na tamu sau 90, zafin ƙasa ya haura digiri 460, dare da rana. Kumbon Venera 13 na Tarayyar Sobiyet ya sauka a can a Maris 1982, ya yi minti 127 yana aiko da hotunan faffaɗan duwatsu kafin ya mutu. Da kumbon Magellan ya zana taswirarta da na'urar rada daga 1990, ramukan da aka ƙirga ba su kai 1,000 ba, alamar cewa narkakken dutse ya sake shafe fuskarta 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru baya. Girma ya ba ta zafin ciki kamar mu. Rashin ruwa ya raba mu.

Jan dutse

Bisa kan tsaunukan Adar akwai hula ta jan dutse mai duhu, mai nauyi, wanda ya sa kawunansu suka yi baje kamar an yanke da wuƙa. Ƙarfe ne da ya yi tsatsa ya manne yashi. Daga irinsa maƙeran Adar suke samun tama, kuma har shekarun 1960 akwai waɗanda suka iya narka ta, lokacin da Nicole Echard, masaniyar Faransa, ta zauna da su ta ɗauki aikin a fim. Wanda ya taɓa tsayawa a kan fakon nan da rani, ba ciyawa ba inuwa, sai jar ƙasa da baƙin tsakuwa har iyakar gani, in aka nuna masa hoton da motocin Amurka ke aikowa daga Mars, zai rantse ya san wurin.

Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Jan Mars ma tsatsar ƙarfe ce. Ƙurarta ma takan tashi ta rufe sama kamar hazon hunturu, har ta fi, don wani lokaci takan lulluɓe duniyar baki ɗaya. Da kumbon Mariner 9 ya isa a Nuwamba 1971 bai tarar da komai ba sai hazo, da kawunan tsaunuka huɗu da suka leƙo ta samansa. Ɗaya daga ciki shi ne Olympus Mons, mai tsawon fiye da kilomita 21, wato ninki goma na Idukal-n-Taghes na Bagzan, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijar. Irin wannan hazo ne ya kashe motar Opportunity a Yunin 2018, ya hana faifan hasken ranarta samun wuta, bayan ta yi shekara 14 tana aikin da aka tsara mata na kwana 90.

Da ƙura ta lafa wa Mariner 9 sai ga busassun kwaruruka masu rassa, suna haɗuwa suna gangarawa. Mutumin Tawa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san Tadis, ya san Azawak, kwarin da ya taɓa zama kogi mai kwaso ruwan Abzin ya bi ta Dallol Boso ya zuba a Kwara, yau kuwa sai raƙuma da rijiyoyi masu zurfi. Wani kwari a Mars ma sunan kogin Neja, wato Kwara, aka ba shi. A 2012 motar Curiosity ta sauka a ramin Gale, ba ta yi wata biyu ba ta ci karo da tsakuwa mulmulalla a manne cikin dutse, irin wadda ruwa mai gudu kaɗai ke mulmulawa. Gaba kaɗan ta sami laka ta gindin tabki da ta zama dutse, daga baya kuma ta sami tsagewar laka irin ta tabki in ya ƙafe. A Fabrairun 2021 motar Perseverance ta sauka a ramin Jezero, daidai inda wani tsohon kogi ya zube kayansa a bakin tabki.

Har jibsin akwai. A Adar mutanen ƙauye sukan tono shi da hannu daga cikin laka, falle-falle mai ƙyalli, su tara a sayar wa masu siminti, don ana zuba kaɗan a ciki ya hana shi saurin daskarewa. Jibsin yakan samu ne inda ruwa mai gishiri ya ƙafe ko ya tsattsafa cikin tsaga, kuma kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne a ɗaure. A 2011 Opportunity ta ga wata farar jijiya mai kaurin babban yatsa ta ratsa dutse a bakin ramin Endeavour, aka auna, jibsin ne. Kogi yana iya barin mutum cikin gardama, a ce ko narkakken dutse ne ya haƙa kwarin, amma jijiyar jibsin ba ta da uba sai ruwa.

Kamar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta tudun da asalinsa kwari ne. Ƙarfen da ya yi wa Adar hula ba a kan tsauni ya taru ba. A wuri mai ƙasa-ƙasa ya taru, cikin ruwa marar zurfi da fadamu. Da ya taurare sai ya gagari zaizaya, aka yi ta cinye abin da ke gefe mai laushi, shi ya tsaya, har ya wayi gari shi ne a sama. A Mars an sami irin wannan juyin a fili ƙarara. A yankin Aeolis Dorsa, ba nisa da Gale, akwai dogayen tuddai masu lanƙwasa da rassa, siffarsu ta kogi sak, amma a tsaye suke bisa fili. Tsakuwa da yashin gindin kogi ne suka manne, iska ta share abin da ke kewaye. Masanin da bai taɓa ganin irin wannan a duniyarmu ba zai daɗe yana kallon hoton bai gane ba.

Sai dai kama da wane ba wane ba ce. A 2004 Opportunity ta sami fili cike da 'yan ƙwallaye na ƙarfe masu launin toka. A cikin jan dutsen Adar ma akwai shimfiɗu na ƙananan ƙwayoyin ƙarfe masu zagaye. Ido zai ce abu ɗaya ne, amma na Adar a cikin ruwa mai kaɗawa suka mulmulu, ɓawo kan ɓawo, na Mars kuwa a cikin dutse suka tsiro, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya bi ya ajiye ƙarfe. Ja ɗin ma ba ɗaya ba ne. Marmara tamu aikin damina mai yawa ce da iskar da tsirrai suka cika sama da ita, kuma tana da kauri. Jan Mars fenti ne a sama-sama. Da Curiosity ta huda dutse a 2013 garin da ya fito toka-toka ne. Babban bambanci kuma shi ne lokaci. Azawak ya gudana shekara dubu kaɗan da suka wuce, mutane sun kama kifi a inda yau rairayi ne, kaburburan Gobero a Tenere shaida ne. Akasarin kogunan Mars sun ƙafe fiye da shekara miliyan 3,000 kafin tekun Adar ya shigo. Faɗin Mars kilomita 6,779 ne, rabin namu da kaɗan. Ta rasa garkuwar maganaɗisu da wuri, iskar rana ta yi ta yagar tata iskar, har abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. A irin wannan hali ruwa ba ya zama ruwa, ko ya daskare ko ya tashi. Ba ta mutu murus ba, don na'urar InSight ta ji girgizar ƙasa fiye da 1,300 tsakanin 2018 da 2022. Amma mai neman shimfiɗar farin dutse mai kauri irin ta Garadawa, wadda halittu suka gina, bai same ta ba.

Masu karya doka

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce babba yana da rai, ƙarami ya mutu, a rufe littafi. Watannin manyan duniyoyi suka hana. Io, watan Mushtari, girmansa kusan na namu watan ne, ya kamata a ce ya daɗe da sandarewa. A Maris 1979 wata injiniya mai suna Linda Morabito tana duba hoton kumbon Voyager 1 sai ta ga hayaƙi ya tashi daga gefensa. Yau an san yana da duwatsu masu aman wuta wajen 400, kuma ba a ga ramin jifa ko ɗaya a fuskarsa ba. Zafinsa ba gado ba ne. Mushtari ce ke matsa shi tana saki a kowane zagaye, sauran watanni suna hana hanyarsa daidaita, wannan murɗar ke dafa cikinsa. Ita ce kuma ta bar teku a narke ƙarƙashin ƙanƙarar Europa, wani watan na Mushtari, inda kumbon Europa Clipper da ya tashi a Oktoba 2024 zai isa a 2030. Enceladus na Zuhal faɗinsa kilomita 500 ne, bai kai tafiyar Tawa zuwa Yamai a mota ba, amma a 2005 kumbon Cassini ya gan shi yana feso ruwa mai gishiri daga tsagogin kudancinsa.

Titan, babban watan Zuhal, shi ne wanda ɗan Sahel zai fi ganewa, shi ne kuma ya fi kowane nisa da abin da ya sani. Ranar 14 ga Janairu 2005 na'urar Huygens ta sauka a can da lema. Tun tana sama ta ɗauki hoton ƙoramu masu rassa suna gangarowa daga tudu, da ta taɓa ƙasa kuma sai ga fili mai damshi da mulmulallun duwatsu. A tsakiyar watan akwai jerin tuddan rairayi dogaye masu tsayin mita 100, irin na hanyar Bilma. A arewa akwai tabkuna da tekuna. Ana daɗewa ba a yi ruwa ba, in ya zo ya zo da ƙarfi. Amma sanyin wurin ya kai digiri 179 ƙasa da sifili. Duwatsun nan ƙanƙarar ruwa ce da ta taurare, abin da ke zuba daga sama yana gudu a ƙoramu kuwa iskar gas ce irin ta girki da sanyi ya mai da ita ruwa-ruwa, rairayin kuma baƙin gari ne na sinadaran kabon. An sauya kayan aiki gaba ɗaya, siffar ƙasa ta fito iri ɗaya, domin gangara da gudu da iska ba ruwansu da abin da suke turawa.

Mars a gonar Bahaushe

Har yau babu kumbon da ya dawo da dutse daga Mars, amma muna da duwatsunta, kuma biyu daga cikin mafiya girma a ƙasashenmu suka sauka. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi yana korar hankaki a gonarsa kusa da Zagami a ƙasar Katsina, sai dutse mai kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake. An daɗe ba a san asalinsa ba. Abin da ya fara ɗaure wa masana kai shi ne ƙuruciyarsa: daga narkakken dutse ya daskare shekara miliyan 180 kacal da suka wuce, alhali ƙananan curarraki irin mahaifar dutsen Tazerzait sun daɗe da hucewa. Dole daga babbar duniya ya fito. Hujjar ta cika da aka sami 'yar iska a kulle cikin wasu ɗigon gilashi a jikin irin waɗannan duwatsu, a 1983 cikin wani da aka tsinta a Antaktika, a 1995 cikin na Zagami kansa, kuma haɗinta ya yi daidai da iskar Mars da kumbunan Viking suka auna a 1976. Wani jifa ne ya cillo shi daga can, ya yi shekara wajen miliyan 3 yana yawo kafin ya sami gonar Katsina. A 1996 aka manna ɗan ɓarɓashinsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor, aka mai da shi yana zagaya gida.

Na biyun labarinsa bai yi daɗi haka ba. A Nuwamba 2023 wani mai farautar duwatsun sama ya tsinci dutsen Mars mai kusan kilo 25 a jihar Agadas. Aka ba shi lamba, NWA 16788, ya bi ta Italiya, inda aka yanki 'yan ɓarori don bincike a jami'ar Florence, ya ƙare a gidan gwanjon Sotheby's a New York. Ranar 16 ga Yuli 2025 aka sayar da shi dala miliyan 5.3. Gidan gwanjon ya ce an bi ƙa'ida wajen fitar da shi. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike, a watan Agusta kuma ta dakatar da fitar da duwatsun sama daga ƙasar. Kowa kuɗin ya duba, kuma ba laifi. Ni abin da ya fi damuna shi ne ɗalibin ilimin ƙasa a Yamai ko a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa yana da farin dutse da jibsin da marmara a bayan gari, abin kwatancen ne kawai ba shi da shi, ga shi kuma a ƙasarsa aka tsince shi.

Tun da labarin gwanjon ya bazu, baƙin dutse ya yi daraja a idon makiyaya da masu haƙar zinariya. A Adar akasarin abin da za a tsinta marmara ce ko kashin maƙera daga tsofaffin wuraren narka tama, kuma shi kashin maƙera ramuka-ramukan kumfa da ke jikinsa sukan tona shi. Dutsen sama na gaskiya yakan zo da siririn ɓawo baƙi mai santsi, wanda zafin ratsa iska ya ƙona, cikinsa kuma launi dabam. Irin na Tazerzait yana kama maganaɗisu saboda ƙarfen da ke cikinsa. Na Mars, wanda ya fi tsada, da ƙyar yake kamawa, don haka mai gwaji da maganaɗisu kaɗai shi zai fara jefarwa.